Sunayen da Ke Gefen Takarda

Duk wanda ya saba sauka a tashar Makarfi shekarun baya ya san shagon Lado mai hoto. Ko bai taɓa shiga ba, ya ga labulen nan mai zanen bene da furanni da ake shanyawa a ƙofa. A gaban labulen nan rabin garin suka tsaya: amare, sababbin alhazai, 'yan makaranta masu neman fasfo, da samarin da ke aron agogo da tabarau don a aika wa budurwa. Lado ɗan manomin rake ne, amma tun yana saurayi ya nuna ba shi ba fartanya. Ya tafi Zariya ya zauna ƙarƙashin wani mai hoto, ya dawo da kyamara a wuya da warin ruwan wankin hoto a hannu. Ya kuma dawo da wani hali da bai rabu da shi ba har yau: in ya ce abu bai yi ba, to bai yi ba, ko da mai abin ya rantse ya gamsu.

Zai tsayar da ango a rana ya ce hular ta karkace, ya zo ya gyara, ya koma bayan kyamara, ya sake fitowa ya ce yanzu kuma wuyan ne. Mutane su yi ta tsaki, amma in hoto ya fito sai ka ga ana yawo da shi gida-gida.

Sai waya mai kyamara ta zo. Ba wanda ya yi shawara da Lado, wayar gari kawai ya yi ya ga kowane mai tura baro ya zama mai hoto. Ya yi faɗan, ya yi zagin, ya ce hoton waya ba hoto ba ne, inuwa ce, amma ba wanda ya tsaya jinsa. Ƙarshe dai ya naɗe labule ya jingine shi a lungu, ya koma sa firam: takardun makaranta, hotunan Makka, ayoyin da ake ratayewa a falo. Da wannan yake ci da iyali, shi da matarsa Indo, kuma da a nan labarinsa ya tsaya da bai kai a ba da shi ba.

Wata ranar kasuwa wani dattijo dogo ya shigo shagon, tafiyarsa a miƙe, gemunsa fari fat, riƙe da wani abu naɗe cikin tsohon rawani. Ya ce sunansa Alhaji Usmanu, daga Hunkuyi, amma can an fi saninsa da Alhaji Jirgi. Ya warware rawanin a kan teburin aiki. Lado ya ga takarda mai kauri, launinta ya koma na madarar da ta kwana, ta fi kowace takardar makaranta girma, da tambari a sama da hatimi a ƙasa. Dattijon ya ce takardar hafsanci ce, wadda aka ba shi ranar da ya zama hafsan sojan sama, ana tsakiyar yaƙin basasa.

"Firam za a sa mata, Alhaji?"

"A'a. Ba na so a rataye ni a bango kamar kalanda. Gida nake so ka yi mata na katako, shimfiɗaɗɗe, mai murfi, yadda ba za ta lanƙwashe ba."

Idon Lado kuwa na kan gefen takardar. Duk farin filin da ya kewaye rubutun gwamnati cike yake da rubutun hannu, wani da shuɗin biro, wani da baƙi, wani a kwance, wani a tsaye. Alhaji Usmanu ya ce abokansa ne da aka yaye su rana ɗaya. Da aka gama biki kowa ya rubuta sunansa da garinsu a gefen takardar ɗan'uwansa, suna ta dariya, don ba wanda ya san inda za a tura shi. Shi bai taɓa tuƙa jirgi ba, duk da sunan da mutanen Hunkuyi suka laƙaba masa. Aikinsa a ƙasa yake, shi ke duba jirgi ya ce ya isa tashi. Da yawa daga cikin masu sunayen nan shi ya ɗaga musu hannu suka tashi, kuma ba duka suka dawo ba.

Lado ya yi gidan katakon, ya shimfiɗa masa farin ƙyalle a ciki, dattijon na zaune yana gadin takardarsa har aka gama. Tun daga ranar wani ciwo ya kama Lado. Ya fara tambaya, ko akwai wasu irinta? Ashe akwai, ba dai yawa gare su ba. Ya ji labarin wani tsohon sojan sama a Ikara, wani a Malikanchi, wani da iyalinsa suka koma Zariya. Sai ya rufe shago ya hau mota, ya je ya yi sallama a ƙofar mutanen da bai sani ba, ya yi gaisuwa har ta ƙare, sannan ya shiga kame-kame ya ce takardar marigayi ya zo tambaya.

Abin da ya gani a yawon nan ya isa ya sa mutum hawan jini. Wani gida sun ce ai an yi ta naɗe tsire da takardun tsohon tun bara. Wani gida an samu takardar a ƙasan adaka, gara ta cinye ta ta bar hatimin kaɗai. Wasu kuwa kallonsa suke yi sama da ƙasa su ce, "To me za ka yi da ita?" Wannan tambaya ita ta fi ƙona masa rai, don bai taɓa samun amsar da ta gamsar da kowa ba. In ya ce adanawa zai yi, sai a ce adanawa don me. Duk da haka ya samu 'yan kaɗan, ya yi wa kowace gidanta na katako, ya jera su a saman kwaba a ɗakinsa, inda Indo ta so ta ajiye kwanukanta.

"Malam," takan ce, "mutane na tara buhun masara, kai kana tara takardun matattu. In yunwa ta zo da wace za mu fara, ta Ikara ko ta Malikanchi?"

Sai ya ci gaba da goge gidajen katakonsa. Ya san in ya tanka ita ce da nasara.

A Paki ne aka yi masa abin da ya sa ya sha alwashin da ya zame masa jidali daga baya. Ya samu wata takarda lafiya lau a hannun 'ya'yan wani marigayi, har sun fara sassautowa. Don zumuɗi ya ciro tsohuwar kyamararsa ya ɗauki hotonta. Da ya koma karɓa sai babban ɗan ya ce, "Ai ka ɗauki hoto, Malam. Ka riƙe hoton mu riƙe takardar, kowa ya samu." Damina na zuwa rufin ɗakin ya zube, takarda ta zama kunu. Da ya je jaje ba wanda ya damu, sai ma suka ce ai an yi sa'a, akwai hoto. Lado ya dawo gida yana huci, ya rantse ba zai ƙara ɗaukar hoton wata takarda ba sai ta shigo hannunsa, don hoto shi ke sa mutane su yi sakaci da ainihin abu.

Duk cikin wannan yawo, wadda ta tsaya masa a rai ita ce ta farkon, ta Alhaji Usmanu. Abota ta ƙullu tsakaninsu. Lado kan je Hunkuyi da ɗaurin rake, a shimfiɗa musu tabarma a zaure, dattijon ya aika a ɗauko gidan katakon. Sai ya buɗe, ya sa yatsa a kan sunan da ke sama daga dama, ya karanta, ya ba da ɗan labarin mai sunan, ya yi addu'a, ya matsa zuwa na gaba. Wannan ba ya cin yaji ko kaɗan. Wannan ya tafi ya bar amarya da ciki. Wannan kuwa, na kusurwar ƙasa daga hagu, ba ya tsoron harsashi ba ya tsoron gajimare, amma in ya ga ƙadangare sai ya hau tebur. Haka zai kewaye takardar kaf, kullum da tsari ɗaya.

Lado na cewa amin, amma gaskiya rabin hankalinsa na kan takardar: yadda hatimin ya tasa, yadda tawadar ba ta koɗe ba, ko ƙyallen ciki na bukatar sauyi. Labaran sun zauna masa don suna da daɗi. Sunayen kuwa bai wahalar da kansa ba, tunda ga su nan a rubuce.

Wata rana, bayan dattijon ya tashi daga wata jinya, ya rufe gidan katakon ya ɗora tafinsa a kai.

"Lado, in na riga ka, wannan taka ce. Na faɗa wa Hajiya, na faɗa wa liman. 'Ya'yana ba su san ko mutum ɗaya a cikin waɗannan ba, kuma ba laifinsu ba ne, ni ban gaya musu ba. Ba don takardar nake ba ka ba, don mutanen gefen nan ne. Kada a bar su ba mai kiran sunansu."

"Allah ya ƙara lafiya, Alhaji. Ai da sauranka."

"Kai dai ka ji. Kai, ka ma ɗauki hotonta mana yanzu, tunda sana'arka ce."

Lado ya girgiza kai, ya ba shi labarin Paki daga farko har ƙarshe. Dattijon ya yi dariya ya ce taurin kan Lado ya fi na soja, aka bar maganar a nan.

Alhaji Usmanu ya rasu da kaka, ana tsakiyar girbin masara. Lado ya yi kuka na gaske, ya zauna zaman makoki kamar ɗan gida. Amma ko a wurin zaman, Allah ya sani, idonsa na zuwa ƙofar cikin gida yana tunanin inda aka ajiye gidan katakon. Ba dama ya tambaya. Wane marar kunya ne zai je wa matar da ke takaba da zancen takarda? Sai ya cije, ya riƙa tura Indo gaisuwa wurin matar marigayin, Hajiya Atika, kowane zuwa da ɗan saƙo a ƙarshe: a ce Malam na gaisuwa, a kuma kula kada ruwa ya taɓa ajiyar nan.

Takaba ta ƙare, aka zo rabon gado. Liman ya tabbatar da wasiyya, ya ce takarda ta Lado ce. Lado har ya fara gyara mata wuri a saman kwaba. Sai babban ɗan marigayin, Shamsuddeen, wanda ke aiki a Fatakwal, ya bugo waya ya ce kada ko allura ta fita daga ɗakin mahaifinsa sai ya zo ya gani da idonsa. Ya ce zai zo da azumi. Azumi ya wuce, ya ce da babbar salla. Babbar salla ta zo, ya ce ba a ba shi hutu ba. Ana cikin haka hadari ya fara haɗuwa a gabas, Lado kuwa ya san ɗakin marigayin, ya san inda kwanon rufin ya yi tsatsa.

Nan ya shiga zarya tsakanin Makarfi da Hunkuyi, har direbobin tasha suka daina tambayarsa ina za shi. Ya je da rake, ya je da mazarƙwaila, ya zauna a zaure Hajiya Atika ta zo bakin ƙofa a gaisa. A tambayi gida, a tambayi Indo, a tambayi jikoki, a tambayi ruwa, a yi wa marigayi addu'a. Sai in ya tashi tafiya, yana neman takalmi, ya saki abin da ya kawo shi.

"Hajiya, ajiyar nan dai. Ruwa shi ne babban abokin gabarta. Ɗigo ɗaya ya isa."

Wani zuwan ya ce gara. Wani zuwan ya ce ɓera. Wani zuwan ya ce yara, kada a bar su su taɓa ta da hannun mai, ko su same ta da biro, don yaro in ya ga farar takarda ba ya iya haƙuri. Har labarin Paki ya ba ta, ya kwatanta mata yadda takardar ta narke, don dai ta ji tsoro. Ta kuwa ji. Hajiya Atika mace ce mai tsantseni, wadda ko kwanon aro ba ya kwana a gidanta. Ba ta yi boko ba, ba ta taɓa zama an buɗe takardar a gabanta ba, abin da ta sani kawai amanar mijinta ce, ga kuma mutum na ta gaya mata hanyoyin da amanar za ta lalace a hannunta. Takan ce, "In sha Allahu, Malam Lado, ba abin da zai same ta." Shi kuma ya tafi yana jin ya yi ƙoƙari.

Sau da yawa a mota yana dawowa yakan ji kamar ya koma ya ce a fito masa da ita ya ɗauki hoto ko da wayar Indo ce. Sai ya tuna Paki, ya tuna Shamsuddeen, ya ce in wannan ya ji akwai hoto shi ke nan, magana ta mutu. Ya haɗiye.

Ana tsakiyar damina Hajiya Atika ta aiko a kira shi. Ashe ta gaji ta buga wa ɗan nata waya ta yi masa faɗa, shi kuwa cewa ya yi, "Wace takarda? Au, wai har yanzu ba a ba mutumin nan ba? Ku ba shi mana, ni me zan yi da ita." Da Lado ya ji haka bai san ko ya yi murna ko ya yi zagi ba. Kusan shekara yana cin ƙurar hanya da taɓonta saboda mutumin da ya ma manta. Amma murna ta rinjaya. Ya sa babbar rigarsa ta salla, ya ɗauki sabon farin ƙyalle da leda babba saboda yayyafi, Indo na yi masa tsiya wai ko ranar ɗaurin aurensu bai yi wannan shiri ba.

Aka gaisa a zaure kamar kullum, gaisuwar da ranar ya ji ta fi ta kowace rana tsawo. Hajiya Atika ta shiga ciki ta fito da gidan katakon a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma wani abu mai ƙyalli. Fuskarta cike da fara'a irin ta wanda ya sauke nauyi.

"Ga amanarka, Malam Lado. Na kuma hutar da kai. Yanzu ko a rijiya ta faɗa ba abin da zai same ta."

Ya karɓa da hannu biyu. Takardar ce, an liƙe ta cikin roba, irin lamineshan da ake yi wa katin asibiti da takardar haihuwa. Ta yi tauri, ta yi santsi, zafin inji ya sa launinta ya yi duhu, hatimin da ya tasa ya baje. Amma ba wannan ne babban abin ba. Takardar ta ƙanƙance. Ga tambari, ga rubutun gwamnati, ga sunan Usmanu, ga hatimi a matse a bakin roba. Farin filin da ya kewaye su babu shi, an yanke shi tas ta kowane ɓangare.

"Hajiya," ya ce, "gefen fa?"

"Ai shi nake so in gaya maka. Tun da ka ba ni labarin mutanen Paki hankalina bai kwanta ba, ga ɗakin na yoyo. Sai na ɗauke ta da kaina na kai shagon Mukarrama, mai fotokwafi a bakin kasuwa. Ta ce robarta ba ta kai girman takardar ba sai an rage. Da ta buɗe kuma muka ga duk gefen an yi jagwalgwalo da biro. Na ce shi ke nan, abin da Malam Lado ke gudu ya faru, jikokin nan sun same ta. Kunya ta kama ni. Na ce ta cire ƙazantar duka kada ka gani ka ce ba mu kula ba. Amma ta rantse mini ko harafi ɗaya na gwamnati ba ta taɓa ba. Duba ka gani."

Ya duba. Gaskiya ne, ko harafi ɗaya ba a taɓa ba.

Abin da ya taso masa a ƙirji a lokacin, da ya fito da an ji shi har bakin kasuwa. Amma wa zai yi wa? Ga tsohuwa tsaye tana jiran godiya, ta taka da ƙafarta cikin taɓo don ta tsare amanar mijinta, kuma duk abin da ta yi daga bakinsa ta ɗauko shi. Shi ya ce ruwa. Shi ya ce yara da biro. Bai taɓa ce mata ga abin da ke gefen ba, don a ganinsa kowa ya sani.

"Allah ya saka da alheri, Hajiya," ya ce. "Allah ya jiƙan Alhaji."

"Amin. Ka ga yanzu sai ka huta da zarya."

Ya sa takalmi, ya juyo. "Hajiya, ko Alhaji ya taɓa kiran sunayen abokansa na soja a gabanki? Waɗanda suka yi yaƙi tare?"

Ta yi ɗan tunani ta girgiza kai. "Bai taɓa kawo zancen yaƙi cikin gida ba. Ko na tambaya sai ya ce a bar shi. Ai da kai kaɗai yake wannan hirar."

Bai nufi tasha ba, bakin kasuwa ya nufa, babbar riga na jan taɓo. Ya samu Mukarrama tana buga wa wani takardar neman aiki, mace mai fara'a da saurin hannu. Ta gane takardar tun daga nesa.

"Baba, aikina ne. Ya yi kyau ko? Sai da na bi a hankali saboda tsohuwar takarda ce."

"Abin da kika yanke fa, 'yata? Yana ina?"

Ta kalli kwandon shara, ta kalle shi. "Ai an kwana biyu, Baba. Kullum da yamma muke ƙona shara a bayan shago. Wani abu ne?"

Ya zagaya bayan shagon duk da haka. Toka ce jiƙaƙƙiya, ruwan sama ya bi ta kanta ya fi sau nawa, awaki na tsintar ɓawon rake a gefe. Ya tsaya yana kallo. Ya so ya koma ya tambaye ta wa ya koya mata sa almakashi a abin da ba ta sani ba, sai ya tuna ƙafafun mutane nawa shi ma ya datse a zamaninsa don hoto ya shiga firam, ba tare da ya tambayi kowa ba. Ya yi tsaki, bai ma san wa yake yi wa ba, ya tafi neman mota.

Da ya isa gida Indo ta buɗe baki za ta fara tsiya, ta ga fuskarsa, ta rufe. Ta karɓi babbar rigar ta jiƙa ta a bokiti. Sai da ya ci abinci ya gaya mata, a gajarce. Sai ta ce, "Da ka ɗauki hoton." Ta faɗe shi a hankali, ba da gori ba, kuma hakan ya fi yi masa ciwo.

Yanzu Lado na yawo da waya a aljihu, irin wadda ya zaga shekara da shekaru. Duk takardar da ya gani, tun kafin a gama gaisuwa ya ɗauke ta gaba da baya. Ya buga wa duk wanda ya san wani tsohon sojan sama, yana tambaya ko akwai wanda aka yaye tare da Usmanu na Hunkuyi, ko wata takardar mai rubutu a gefe. Har yau bai dace ba. Yawancinsu sun rasu, waɗanda suka rage kuma 'ya'yansu ke ɗaga waya, su ce Baba ba ya gane mutane.

Takardar tana cikin gidanta na katako, sai dai gidan ya yi mata yawa, in an ɗaga sai ka ji tana zamewa a ciki. A kan farin ƙyallen akwai shatin inda take kaiwa a da. Ranar Juma'a bayan la'asar Lado kan sauko da ita, ya zauna a kan buzunsa ya buɗe. Ya sa yatsa a kan ƙyallen, sama daga dama, inda Alhaji Usmanu ke farawa.

"Abubakar Siddiƙ," ya ce, don wannan ya zauna masa, shi ne na farko kullum. Ya matsa. "Bilya, wanda ba ya cin yaji." Ya matsa. Na gaba ya san Bulus ne, amma ko shi ne ya bar amarya da ciki ko mai bi masa, ya kasa rabewa. Daga nan sunaye suka ƙare masa, sai labarai. Yana bin ƙyallen da yatsa, yana jin muryar dattijon sarai tana ba da labarin, amma duk inda sunan zai fito sai wurin ya zama fari. Yakan yi ta ƙoƙari har kansa ya yi ciwo, yana jin haushin kunnensa da ya tsaya kallon hatimi.

A haka yake kewayowa har kusurwar ƙasa daga hagu. Nan yakan daɗe, yatsansa a kan ƙyallen da ba komai.

"Da wannan," ya ce, "mai tsoron ƙadangare. Ya Allah, kai ka san sunansa."

Sai ya shafa, ya rufe murfin, ya mayar da ita saman kwaba.